Ranar da Saje Tibbs Ya Tsallake Jan Layi

Shekara goma sha ɗaya na yi a teburin karɓar baƙi na masaukinmu, a wani sansanin jiragen sama da ke tsibirin Okinawa. Sunana Renita Sandoval. Mijina ya ajiye kaki ya kama aikin farar hula a sansanin, ni kuma na samu teburin. Duk wanda jirgi ya sauke sai ya biyo ta gabana kafin ya ga gado: matuƙa, makanikai, iyalan da aka yi wa canjin wurin aiki da 'ya'yansu da karnukansu, sai kuma tsofaffin sojoji masu ritaya da ke yawo a kujerun da suka rage a jiragen soja. Waɗannan su ne na ƙarshe a layin jirgi, su ne kuma na ƙarshe a layin ɗaki. Da mai takardar aiki ya iso, dole su matsa.

A cikinsu na san Lamar Tibbs, a ƙarshen watan Agusta na shekarar 2013.

Dogo ne baƙi, ya ɗan ranƙwafa, yana jan ƙafar hagu saboda gwiwar ƙarfe da aka sa masa. Kunnensa na dama ya daɗe da mutuwa, don haka in zai saurari mutum sai ya karkato kai gefe kamar zakara. Hannunsa ɗaya na jan akwati, ɗayan na riƙe da wata 'yar tsohuwa da ba ta wuce ƙirjinsa ba, gashinta fari fat, sanye da rigar sanyi ruwan ƙwai a cikin zafin nan namu.

"Sannu da aiki, 'yata. Tibbs, saje mai ritaya, ni da maiɗakina. Ki ba mu ɗaki a ƙasa, amma wanda ya yi nisa da ƙofar fita."

Na ɗago na dube shi. Tsofaffi ɗakin bakin ƙofa suke roƙo.

"Kwana uku zan iya ba ka, Saje. Bayan nan sai ka riƙa zuwa kullum da safe mu duba."

"Na san dokar nan tun ba a yaye ki ba," ya ce yana murmushi. "Ba ni makullin."

Kullum ƙarfe bakwai na safe yakan fito ya cika kofi biyu, ya tsaya a gefen teburina yana hira, amma idonsa na kan lungun da ɗakinsu yake. A haka na tsinci tarihinsa, yau kaɗan gobe kaɗan.

A wani ƙauye a Alabama aka haife shi, na bakwai cikin 'ya'ya tara, ubansu na noman auduga a gonar wani. Ya shiga soja yana da shekara sha takwas, a cewarsa don ya ji ana cin abinci sau uku a rana. Can aka gane yana da hannu a inji. Shekara ashirin da shida ya yi a ƙarƙashin jirage, bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. "Amma babu matuƙin da ya isa ya tashi sai na ce masa tashi," in ji shi.

A 1963 aka turo shi Okinawa. Mitsu, wato maiɗakin nasa, a lokacin tana guga a gidan wankin sansanin. Wata rana ya manta sifana a aljihun wando, ta kusa fasa musu injin wanki. Ta naɗe ta a takarda, ta jira ya zo karɓar kaya, ta wanke shi tas.

"Kalmomin Turanci goma ta sani a lokacin," ya ce mini, "shida daga ciki ba a faɗarsu a coci. Na ce wa kaina, Lamar, ka samu mata."

Auren bai zo da sauƙi ba. Yayanta ya mutu a yaƙi, ubanta kuwa ya rantse ba zai ƙara kallon fuskarta ba in ta bi soja, ya kuma cika rantsuwarsa. Takardun neman izini suka ci shekara biyu. Uwarsa ita ma ba ta sake da Mitsu ba sai da aka haifi 'yarsu, Corinne. Da ya yi ritaya suka zauna a Abilene da ke Texas, ya buɗe shagon gyaran injin yankan ciyawa, ita kuma ta mayar da bayan gida lambu, tana shuka wata kabewa mai ɗaci ta ƙasarsu da babu maƙwabcin da ya taɓa cin ta sau biyu.

Shekara huɗu kafin zuwansu ta fara ajiye makulli a firij. Daga nan sunayen mutane suka fara gudu. Sai Turancin da ta yi shekara arba'in tana magana da shi ya kama zubewa. Har Japananci na makaranta ya bi baya, ya rage mata sai yaren tsibirin, na ƙuruciya, wanda Lamar bai san kalma hamsin a cikinsa ba.

"Shekara arba'in da takwas muna hira," ya ce, "yanzu sai dai in yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare."

Suna ɗaya take kira ba fashi: Haru, ƙanwarta. Likita ya ce kada a yi tafiya da ita. Corinne ta ce in ya kuskura za ta kira masa hukuma. Ya jira Corinne ta koma gidanta a Tacoma, ya kulle shago, ya ɗauko matarsa. Kwana tara suka yi a hanya, daga wannan sansani zuwa wancan, suna jiran kujera.

Kuma abin ya yiwu. A rana ta biyu ya hayi tasi zuwa gidan tsofaffi da ke arewa, inda Haru take. Da suka dawo da la'asar fuskarsa kamar gonar auduga. Ya ce tun daga bakin ƙofa Mitsu ta gane ta, suka riƙe hannu awa huɗu suna surutu, har Mitsu ta yi dariyar da rabonsa da jin ta shekara biyu.

"Buƙata ta biya, 'yata. Yanzu sai gida."

Sai dai gida ya ƙi zuwa. Kullum su tafi tashar jirgi da akwati, a kira sunaye, a rufe ba a kai kansu ba, su dawo. Kwana uku suka zama takwas. Ya ɗaura 'yar ƙararrawa a mariƙin ƙofar ɗakinsu don ya ji in an taɓa ta. Mutum ɗaya ce a duk ginin ke iya magana da Mitsu, wato Tama-san, shugabar masu gyaran ɗakuna, 'yar tsibirin, mai shekara sittin da shida, gajeriya mai murya kamar ta mutum uku. Kullum takan jingine tsintsiya ta zauna da Mitsu minti goma.

Sai aka yi shelar guguwa na tahowa daga kudu, babba. Aka soke duk kujerun fasinja. Aka fara kwashe jirage, wasu zuwa rumfunansu, manya kuma su tashi su bar tsibirin kafin iska ta iso.

Ranar Alhamis da sassafe manajanmu, Mista Ellwood, ya kira ni ofis.

"Renita, wani jirgin dakon sojoji ya lalace a nan. Mutum saba'in da biyu, kowa da takardarsa. Kafin sha biyun rana duk wanda ba shi da takarda ya bar ɗaki."

"Har da Saje Tibbs? Ka ga halin da matarsa ke ciki."

"Har da uwar da ta haife ni in tana nan. Ba ni na rubuta dokar ba. Nemo musu otal a gari."

Otal biyar na kira. Huɗu sun cika. Na biyar yana bakin teku, hawa na huɗu, kuma matar ta ce da an ɗauke wuta lif zai tsaya.

Ƙarfe bakwai ya fito kamar kullum. Na jira ya cika kofin biyu, sannan na faɗa masa. Ya ajiye su a kan tebur a hankali.

"Kin san abin da zai faru in na kai ta baƙon ɗaki ana tsakar iska? Kwana uku ta yi kafin ta yarda wannan ba kurkuku ba ne."

"Na sani, Saje. Wallahi na roƙa."

"Ina mai gidan naku?"

Ya shiga ofishin Ellwood ya rufe ƙofa. Wannan ne karo na farko da na ga ya juya wa lungun baya. Daidai lokacin motocin sojojin nan suka iso. Kafin ka ce kwabo zaure ya cika da mutane da jakunkuna da hayaniya, wani ya tokare ƙofar gefe da jaka don a riƙa shigo da kaya. Ina ta raba makullai, ban ɗaga kai ba. Ko ƙararrawa goma aka kaɗa ba mai ji.

Minti goma sha biyu ya yi a ciki. Ya fito, ya ɗauki kofinsa ya nufi ɗaki. Sai ga shi ya dawo da wani irin gudu na mai gwiwar ƙarfe, yana ture sojoji.

"Ba ta nan! Renita, ba ta nan!"

Muka duba banɗaki, ɗakin wanki, ƙarƙashin matakala, bayan gini. Na kira 'yan sandan soja. Wanda ya ɗauka ya ce duk motocinsu na filin jirgi, in ba shi kamanninta zai sanar ta oba-oba. Ina cikin faɗa masa sai ga Tama-san ta fito da zanen gado a kafaɗa.

"Jiya ta ce mini iska na zuwa kuma ba a shigar da awaki ba," ta ce. "Ta ce uwarta za ta doke ta. Na ɗauka surutu ne. Saje, wane ƙauye ne nasu?"

Ya faɗi sunan. Na ga fuskar Tama-san ta canza.

"Babu ƙauyen nan tun bayan yaƙi. Yana ƙarƙashin inda jiragen dakon mai suke tsayawa."

"Na sani," ya ce. "Shekara uku ina gyaran jirgi a kan gonar ubanta. Ta sha yi mini gori."

Na bar tebur da sojoji a layi, muka faɗa motata mu uku. Daga masauki zuwa shingen filin jirgi tafiyar minti ashirin ce a ƙafa, kuma Mitsu ƙafarta lafiya lau, kai ne ya tafi. Sama ta yi baƙi ƙirin ta kudu, iska na wurgi da ganyen dabino a titi. Bayan kowane minti kaɗan sai wani ƙaton jirgi ya tashi, gilashin mota ya kama rawa. Lamar ya manna fuska a taga, leɓɓansa na motsi, ba na jin abin da yake cewa.

Akwai wata ƙofa a shingen wayar da kullum a kulle take. Ranar a buɗe muka same ta, manyan motoci na ta shige da fice da kayan aiki. Yadda aka gano daga baya, gefen wata mota Mitsu ta bi ta shige, mai gadi na ɗaya gefen yana duba takardar direba.

"Ga ta can!" Tama-san ta yi ihu.

Kowa a sansani ya san jan layi, har yaran firamare. Fenti ne kawai a kan kankare, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ya kewaye inda jirage ke tsayawa. Alluna a ko'ina suna cewa wanda ya tsallake ba izini, mai gadi na da ikon harbinsa. Mitsu ta wuce shi da taku talatin. Tana tafiya a natse, iska na kaɗa rigar sanyinta, ta nufi wani jirgin dakon mai da injinansa ke kunne. Hannunta ɗaya na cikin aljihu, ɗayan na jan wani abu dogo a ƙasa.

A gefenta, kamar taku goma sha biyar, wata matashiyar soja ta ɗaga bindiga tana ta ƙwala mata tsawa.

"Tsaya! Fito da hannunki! Na ce tsaya!"

Mitsu ko waiwaye.

Mai gadin ƙofa ya tare ni. Ban gama taka birki ba Lamar ya fice, ya wuce ta ƙarƙashin hannun yaron kamar ba shi ke ɗingishi ba. Na bi shi da gudu, na cim masa a bakin layin, na kama rigarsa.

"Saje, don Allah kada ka tsallake! Ka fi ni sanin abin da zai faru."

"Dubi hannun yarinyar can," ya ce. "Rawa yake yi. Mai bindiga in ya tsorata ba ya jiran bayani. Sake ni."

Ya cire hularsa ya jefar, ya ɗaga hannu biyu sama da katin shaidarsa a tsakanin yatsu, ya taka jan layin ya wuce. Ya buɗe murya irin ta mutumin da ya shekara ashirin da shida yana magana a kan ƙarar inji.

"Ke soja! Nan! Dubo nan!"

Bakin bindiga ya juyo kansa.

"Yawwa, 'yata, ni za ki duba. Ni na tsallake da gangan, ita ba ta san inda take ba."

"Kwanta! Kwanta a ƙasa yanzu!"

"Zan kwanta. Ga ni ina kwanciya. Kada ki ɗauke ido daga kaina."

Gwiwar ƙarfe ba ta lanƙwasuwa da sauri, hannuwansa kuma na sama, bai yarda ya sauke su ba. Sai kawai ya saki jikinsa ya faɗi ta fuska kamar an sare bishiya. Na ji ƙarar haɗuwar goshinsa da kankare duk da injinan nan. Jini ya wanke masa ido. A haka ya ɗago kai yana ihu.

"Matata ce! Shekararta saba'in da biyar, tana da ciwon mantuwa! Ba ta jin Turanci! Igiyar labule ce a hannunta, igiyar labule!"

Ihun nan ne ya sa Mitsu ta waiwayo. Ba mijinta ta gani ba. Soja ta gani da bindiga, da mutum kwance cikin jini. Tana da shekara bakwai lokacin da yaƙi ya ci tsibirin nan, ta yi wata biyu a kogo, soja ne ya fito da su da bakin bindiga. Ta ɗaga hannu biyu sama, ta fashe da kuka irin na ƙaramar yarinya, tana kiran uwarta. Sannan ta fara ja da baya, taku ɗaya, taku biyu, kuma bayanta injin jirgin nan ne, mai zuƙe mutum kamar tsumma.

Wani makanike a ƙarƙashin jirgin ya kama yi wa matuƙi alama da hannu a wuya ya kashe. Aka kashe, amma inji irin wannan ba ya tsayawa nan take. Motar 'yan sanda ta iso da jiniya, jiniyar ta ƙara firgita ta. Mutum biyu suka dira kan Lamar suka sa masa ankwa. Wani ya yunƙura zai ruga ya kamo Mitsu, ta ƙara ja da baya da sauri, sajensu ya daka masa tsawa ya tsaya.

Tama-san ba ta nemi izinin kowa ba. Ta je ga sajen, ta nuna lasifikar da ke kan motar.

"Ba ni abin maganar nan. Kashe jiniyar. Kai, da kai nake, yaro, ba ni!"

Ya dube ta, ya dubi Mitsu, ya miƙa mata.

Muryarta ta cika filin. Ba lallashi ta yi ba, faɗa ta yi, irin na uwar da ta gaji da kiran 'ya. Daga baya ta fassara mini abin da ta ce: "Mitsu! Ke Mitsu! Me kike yi a can? Awakin na shigar da su tuni. Zo ki ci dankalinki kafin ya huce, ko in ba Haru naki!"

Mitsu ta tsaya cak. Ta sauke hannu. Ta yi wata magana da ba mu ji ba.

"Na ce ki zo! Sai na taso?"

Ta saki igiyar. Ta share ido da hannun riga, ta taho, tana ɗan sauri kamar mai tsoron bulala. Ta wuce sojar nan mai bindiga, wadda ta riga ta sauke ta ƙasa. Da ta zo daidai inda Lamar ke kwance, hannu a baya, sai ta tsaya ta leƙa fuskarsa. Ta juyo ta yi wa Tama-san magana da ɓacin rai.

"Me ta ce?" Lamar ya tambaya, kumatunsa a kan kankare.

"Ta ce wa ya doki mutumin nan, shi ne fa mai kawo mata kofi."

Ya rufe ido. Kafaɗunsa na motsi, ban sani ba ko dariya yake ko kuka.

Awa huɗu muka yi a ofishin 'yan sanda. Aka yi masa ɗinki bakwai a goshi, aka rubuta bayanin kowa. Wani manjo ya zo, ya karanta takardun a tsaye, ya ce ƙa'ida ita ce a fitar da su daga sansani yau, kuma za a aiko wa Lamar da wasiƙar hana shi hawa jirgin soja har sai an gama bincike.

"Daidai ne, yallaɓai," Lamar ya ce. "Da ni ne kai, haka zan yi."

Manjon ya duba agogo, ya duba taga. Ruwa ya fara dukan gilashi a kwance.

"Ƙarfe uku za a rufe ƙofofin sansani, kowa ya shige ɗaki. Ba zan tura tsohuwa waje a wannan halin ba. Suna da wurin kwana?"

Ba su da shi. Na kira masauki, ko da yake na bar aiki ba izini tun safe. Ellwood ya ɗauka.

"Ke dai kin shiga uku da ni, amma sai bayan iska," ya ce. "Labari ya zaga zaure. Wasu kyaftin biyu mata sun ce za su haɗu a ɗaki ɗaya, ɗaya a gado ɗaya a ƙasa. A takarda ɗakin Tibbs na kyaftin ne. Ni ban ga komai ba. Kawo su."

Kwana biyu guguwar ta yi a kanmu. Wuta ta ɗauke, ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofofi, bishiya ta faɗo kan motoci uku. Tama-san tana da damar tafiya gida kafin a rufe ƙofa, ta ƙi, ta kira ɗanta ta ce ya kula da gida, ta tare a kujerar ɗakin su Lamar. Sojojin nan suka raba wa kansu gadi a lungun, mutum ɗaya kowace awa biyu, a zaune a ƙasa yana karta shi kaɗai. Ba wanda ya sa su.

Ranar Lahadi da hantsi, rana ta fito, ana ta share ganye, sai ga wata yarinya cikin kayan gida ta tsaya a gaban teburina tana murza yatsu. Sai da ta yi magana na gane ita ce sojar nan mai bindiga. Ivette Pacheco sunanta, shekararta ashirin da ɗaya. Na kira mata Lamar. Ya fito da bandeji a goshi.

"Yallaɓai, na zo ne in ce... Yatsana na kan kunamar bindiga. Ban ga hannunta ba. Na yi zaton..."

"Na ga yatsan," ya ce. "Na kuma ga lokacin da kika cire shi. Kin ci abinci tun ranar?"

Ta girgiza kai.

"To zauna. Da ni ne sajenki, hutun kwana biyu zan ba ki, sannan in nemo wanda ya bar ƙofa a buɗe in ci masa mutunci. Laifin farko ma nawa ne. An ce kada in zo da ita, na zo. Na kuma juya mata baya."

Corinne ta iso ranar Talata a jirgin kasuwa. Ni na kira ta, da yardarsa. Mace ce mai jikin ubanta da bakin uwarta. A tsakiyar zaure ta tsayar da shi.

"Baba, kai wane irin mutum ne? Da sun harbe ka fa? Da sun harbe ta fa? Me zan ce wa 'ya'yana?"

Ya sunkuyar da kai yana juya hula a hannu. Sai da ta gaji, ya ce, "Ta ga Haru. Ta yi dariya." Corinne ta zauna a kan akwati ta rufe fuska.

Kafin su tafi ya faɗa mata abin da ya shekara huɗu yana ƙin faɗa, cewa ba zai iya riƙon uwarta shi kaɗai ba. Ya sayar da shago da gidan Abilene. Aka sa Mitsu a wani gidan kula da tsofaffi a Tacoma, shi kuma ya kama ɗaki a tsallaken titi, yana zuwa tun buɗe ƙofa har a kore shi. Duk Asabar da yamma, lokacin da mu nan safiyar Lahadi ce, yakan kira Tama-san ya kanga wa Mitsu wayar a kunne, su yi ta yarensu rabin awa. Shekara ɗaya da rabi Tama-san ba ta tsallake ko sau ɗaya ba.

Mitsu ta rasu a watan Fabrairu na 2015, wata huɗu bayan Haru. Wasiƙar da ta ɗage masa takunkumin hawa jirgi ta iso tun kafin nan, amma bai ƙara hawa ba.

Yanzu yana zaune a gidan Corinne. A kiransa na ƙarshe ya gaya mini ta karɓe masa makullin mota bayan ya gogi shingen maƙwabci da motar, kuma ya ce in rubuta in ajiye, shingen ne ya matso.